Rabilu Musa Ibro: gandiroban da ya koma gwanin ban dariya

 A filinmu na tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, yau mun ɗauko tarihin wani bawan Allah wanda ba ɗan Nijar ba ne, amma da wuya ka sami gida a jihar Maradi da ba a taɓa tuntsirewa da dariya saboda shi ba. Rabilu Musa Ɗanlasan ke nan, wanda duniya ta sani da Ibro, ko Ɗan Ibro. Ya rasu tun 2014. Har gobe kuwa, in ka zauna a fada ana shan shayi, sai ka ji muryarsa tana fitowa daga salular wani.

Mutane da yawa sun ɗauka sunansa na yanka Ibrahim, tunda a wajenmu Ibro laƙabin Ibrahim ne. A'a, sunan wasa ne ya danne na gaskiya. Kuma mutane da yawa sun san dariyar, ba su san abin da ta jawo wa mai ba da ita ba. To, ga yadda abin ya kasance.

Daga Ɗanlasan zuwa gidan kaso

An haifi Rabilu a watan Disamba na 1971 a Ɗanlasan, wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Nan ya yi firamare, sa'an nan ya wuce makarantar horon malamai ta Wudil. Ka ga ke nan hanyar da aka ɗora shi a kai ta zama mushe ce, mai alli da allo. Amma a 1991 sai ya shiga aikin gidan yari na Najeriya, ya zama gandiroba, wato mai tsaron ƴan kaso. Shekara 8 ya yi yana wannan aiki.

A riƙe waɗannan abubuwa biyu, don su ne jarinsa. Na farko, ɗan ƙauye ne na haƙiƙa. Ya san yadda manomi ke ciniki, yadda maigida ke cika baki a zaure ya shiga cikin gida ya yi laushi, yadda ake rigimar iyakar gona da ta bashin dawa. Bai koyi maganar ƙauye don fim ba, da ita ya tashi. Na biyu, wanda ya shekara 8 a ƙofar kaso ya ga ɗan Adam iri-iri: ɓarawon akuya, ɗan damfara, mai rantsuwa kan ƙarya, da wanda tsautsayi kawai ya kawo. Mai son kwaikwayon mutane ba ya rasa abin kwasa a irin wannan wuri.

Yana cikin kaki ya fara wasan kwaikwayo. Da abin ya karɓe shi, sai ya ajiye aikin gwamnati mai albashi da fansho ya rungumi sana'ar da a lokacin dattawa ke kira shiririta. Wanda ya san darajar albashin wata a ƙasashenmu ya san ba ƙaramar kasada ya yi ba.

Kafin kaset ya zo

Ba Ibro ya fara ba Hausawa dariya a akwatin talabijin ba. A Kaduna an yi Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ke kwaikwayon zaman soja a bariki, an yi Karambana na Ƙasimu Yero. A Kano gidan talabijin na jiha ya yi nasa wasanni. Mu ma nan Nijar muna da namu: manya ba su manta Yazi Dogo da abokan wasansa a Télé Sahel ba, ba su kuma manta wasannin samariya na zamanin Seyni Kountché ba. Kafin duk waɗannan akwai ƴan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai amma duk zancen na tuwo da nama ne, akwai wawan sarki a fada, akwai tashe a watan azumi.

Sai dai wasannin talabijin na gidajen gwamnati ne. Sai ka jira ranarsu da lokacinsu, sai kana da akwatin, sai kuma akwai wuta. Mutumin ƙauye ba kasafai yake samu ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne kaset na bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi don sayarwa a kaset. Daga nan ƙofa ta buɗe. Duk ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin hayar kyamara tana iya yin nata ta kai kasuwa, ba sai ta nemi izinin shugaban tasha ba. Kafin shekarun 1990 su ƙare sana'ar ta yi girman da har ta samu mujallu irin su Tauraruwa da Fim, ta kuma samu sunan da ake kiranta da shi yau, Kannywood.

Cikin wannan guguwa Ibro ya shigo. Fim ɗin Ƴar Mai Ganye, wajejen 1997, shi ya fito da shi fili.

Camama

Finafinan Kano sun rabu gida biyu tun da wuri. Akwai na soyayya, masu rawa da waƙa irin ta Indiya, da gidaje masu bene da motoci masu sheƙi, irin su Sangaya da ya yi tashe. Akwai kuma na barkwanci, waɗanda aka raɗa wa suna camama. Su a ƙauye ake ɗaukarsu ko a lungun birni, da ɗakin soro da danga da jaki. Kuɗinsu kaɗan ne, cikin ƴan kwanaki an gama. Ƴan birni da ƴan boko suna yi musu kallon raini. Amma a kasuwa, sunan Ibro a bayan kwali ya isa ya sa mai saye ya zaro kuɗi. Shi ya sa za ka ga finafinai barkatai da sunansa a gaba: Ibro Awilo, Ibro Aloko, Ibro Angon Hajiya, da sauransu. Wasu nasa ne shi da jama'arsa, wasu kuma masu kuɗi ne suka ɗauke shi aiki suka jingina da sunan. Ban da su akwai irin su Andamali da Bita Zai-Zai. Har masu finafinan soyayya sukan saka shi a ƴan wurare don fim ya yi armashi.

Yadda ake shirya camama ya bambanta da yadda ake rubuta wasan makaranta. Ba a cika rubuta kowace kalma a takarda ba. Ana tsara ƙashin labarin ne: wane zai zo, ga abin da yake nema, ga inda rigima za ta ɓarke, ga yadda za ta ƙare. Maganar kanta a gaban kyamara ake ƙirƙirarta. Wannan aiki ne mai wuya, jama'a. Sai mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya san lokacin da zai jefa magana da lokacin da zai yi shiru ya zare ido kawai. Ibro ya iya duka biyun. Kuma ba shi kaɗai yake yi ba, wasan yana buƙatar wanda zai tare ya mayar. Ya yi aiki da irin su Yautai da Kulu, da Tsigai wadda ke fitowa matarsa, daga baya ga su Bosho da Daushe da Baba Ari. Waƙoƙin finafinansa ma da yawa ba muryarsa ba ce, mawaƙa irin su Sadi Sidi Sharifai ke rerawa a situdiyo, shi kuma ya hau da baki da rawa har ka rantse shi ne.

Mutumin da Ibro ke fitowa a matsayinsa kusan guda ne a ko'ina. Talaka ne da jar hularsa, ga cika baki, ga tsoro, ga son banza. Kullum yana da dabarar da za ta sa ya yi kuɗi kafin la'asar, kullum kuma dabarar a kansa take ƙarewa. Yau direba ne, gobe ɗan sanda, jibi boka ko mai maganin gargajiya, kuma ba wadda ya iya a ciki. Ana yi masa dariya, gaskiya ne. Amma ku lura da waɗanda yake tona wa asiri a hanya: mai kakin da ke karɓar na goro, malamin tsibbu mai cin kuɗin mata, ɗan siyasar da ba a ganinsa sai zaɓe ya matso, alhajin da ke auri-saki. Abin da talaka ba zai iya faɗa a gaban mai iko ba, Ibro yakan faɗe shi da sigar wauta, a yi dariya a wuce, amma an ji.

Nan ne sirrin karɓuwarsa a ƙauyukanmu yake. Finafinan soyayya suna nuna wa mai lambu a Jiratawa rayuwar da ba tasa ba. Ibro kuwa yana nuna masa maƙwabcinsa, da surukinsa, wani lokaci ma shi kansa.

Ya jawo duniya zuwa ƙauye

Wata baiwar tasa ita ce saurin cafke abin da ake yayi. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba, mawaƙin nan ɗan Kwango, ya cika motocin haya da wuraren biki, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka da yaƙin Afganistan, sai ga Ibro Usama a 2002, shi ne ya fito a Usama bin Ladan. Da Amurka ta shiga Iraƙi a 2003, sai ga Ibro Saddam. Labaran da mutane ke ji a sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da rediyon Jamus, shi sai ya sa musu riga da hula, ya kawo su bakin kasuwa. Ibro Usama ya tayar da ƙura a Kano, wasu malamai da ƴan Hisba suka ga an mayar da lamari mai nauyi abin wasa. Tun daga nan aka gane cewa barkwancin nan yana iya taka sawun manya.

Haka kuma a finafinan camama ana yawan kwaikwayon ƙabilu: Bafulatani, Bagwari, Bayarabe, Inyamuri, kowa da karin harshensa. Baƙo zai iya cewa cin mutunci ne. Mu kuwa mun san gidan da abin ya fito, wato wasan taubasai. Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari, Zabarmawa da Buzaye, Kanawa da Zagezagi, kowa na tsokanar ɗan uwansa ba a faɗa. A 2014, shekarar da Ibro ya rasu, hukumar UNESCO ta saka wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam. Sai dai wasan taubasai yana da iyaka da ladabi, kuma ba kowane fim ne ya tsaya a iyakar ba. Akwai iyaye da malamai da suka yi ta kukan cewa yara na kwasar baƙar magana da rashin kunya daga camama. Akwai kuma lokacin da finafinan suka yi yawa har labari ya riƙa maimaita kansa. Masu wannan suka suna da hujjarsu, ba a share ta don ana son mutum.

Yadda ya iso mu, da inda kuɗin suka tafi

Hanyar da atamfa da kayan masarufi ke bi, ita finafinan suka bi: daga kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano, zuwa Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, sai Maradi. Daga babbar kasuwa kuma su bazu ƙauyuka. Waɗanda suka girma a farkon shekarun 2000 sun san gidan kallo: rumfar zana, benci, talabijin guda, gurup na ruri a baya, yaro ya biya ƴan dalolinsa ya shiga. Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan sai katin salula, yau kuma YouTube da Facebook da WhatsApp. Ba a buƙaci fassara ba, ba a buƙaci biza ba. Iyakar da Turawan Faransa da Ingila suka shata ba ta hana Bamaraɗe da Bakano dariya a kan magana guda ba. Ƴan ci-rani kuwa sun san abin da faifan Ibro yake yi wa mutum a ɗakin haya a Tripoli ko Jidda, ranar da kewar gida ta taso.

To amma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Yawancin faifan da suka iso ƙauyukanmu ba na asali ba ne. Fim zai fito yau a Kano, kafin mako ya zagayo masu satar fasaha sun buga dubbai. Wanda ke tura finafinai a katin salula yana karɓar kuɗinsa, amma ko dala ba ta komawa ga wanda ya sha rana a gaban kyamara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƴan camama ke fitar da fim kan fim ba hutu: tunda ba a cin moriyar fim guda na dogon lokaci, dole a yi ta sabo. Daga baya wannan sata, tare da zuwan intanet, ita ta durƙusar da kasuwar faifan gaba ɗaya.

Mai tsaron kaso ya shiga kaso

Bayan da jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, an kafa hukumar tace finafinai a 2001. Shekaru aka yi ana tafiya da daɗi ba daɗi. Sai a 2007 wani bidiyon tsiraici na wata ƴar fim ya bazu a wayoyin mutane, gari ya ɗauki zafi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga hukumar Hisba, ya shugabanci hukumar tacewa. Aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, aka fito da sababbin ƙa'idoji, kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A ƙarshen 2008 aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyantama kan fim ɗin Tsintsiya.

Tsakanin waɗannan biyu, a watan Oktoba na 2008, layi ya zo kan Ibro. Aka gurfanar da shi kan zargin gudanar da kamfanin fim ba rajista, da kuma rawa da waƙar da ke cikin Ibro Aloko, waɗanda hukumar ta ce sun saɓa ƙa'ida. Kotu ta yanke masa wata 2 a gidan yari. Ƴan fim suka ce fim ɗin ya daɗe a kasuwa tun kafin sababbin dokokin. A bakin titi kuwa wani zancen ake: a fim ɗin akwai waƙar Mamar, sunan da jama'a suka laƙaba wa wani yadi mai ratsi-ratsi da gwamna ke yawan sawa, don haka mutane da dama suka ɗauka tsokanar ce ta jawo masa. Hukuma dai ta tsaya kan cewa doka ta bi.

Ko ma yaya ne, mutumin da ya shekara 8 yana kulle wasu, sai ga shi an kulle shi. Duniya rawar ƴanmata, na gaba ya koma baya. Wannan ɗauri ya nuna abin da masu raina camama ba su lura da shi ba: da a ce shirme ne zalla, da ba wanda zai ɓata lokacin kai shi kotu. A waɗannan shekaru ƴan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma aiki a Kaduna da Jos da wasu garuruwan. Ibro ya fito ya ci gaba da sana'arsa, farin jininsa bai ragu ba. A 2011 gwamnati ta sauya a Kano, takun-saƙar ta lafa.

Ƙarshen tafiya

A shekarunsa na ƙarshe finafinansa sun hau tauraron ɗan Adam, tashoshi irin su Africa Magic Hausa suna nuna su, ga Arewa24 da ta buɗe a 2014. Wasan da ya faro a kaset saboda ba shi da gurbi a talabijin, sai ga shi talabijin na neman sa. Amma a lokacin jiki ya fara ƙi. Ya yi fama da ciwon ƙoda. Ranar Laraba 10 ga Disamba 2014 Allah ya karɓi abinsa a Kano, yana da shekara kusan 43. Aka kai shi Ɗanlasan, ƙauyen da ya fito, aka yi masa sutura.

Shekara 43 ba tsufa ba ne. Abin da ya yi na fim bai kai shekara 20 ba, amma ya buɗe hanyar da mutane da yawa ke ci a kai yau. Abokan wasansa sun ci gaba. Samarin da ke ɗaukar gajerun wasannin ban dariya da salula, a Kano ko Zinder ko nan Maradi, in ka dubi tafiyarsu da yadda suke murguɗa magana, za ka ga inda suka sha ruwa. Ya tabbatar da cewa Hausar ƙauye, da rigar ƙauye, da matsalar ƙauye, sun isa a gina sana'a a kansu har a san mutum a ƙasashe.

Saura namu. Muna da yara masu irin wannan baiwa a unguwanninmu, a makarantu, a wasannin tashe, a fadojin shayi. Sau da yawa abin da suke samu daga gare mu shi ne a ce su bar wauta su nemi aikin yi. In kuma sun dage sun yi, sai mu kwashi aikinsu kyauta mu tura wa juna. Wanda ya ba ka dariya ranar da damina ta ƙi, ko ranar da kake zaune a ƙasar wasu ba labarin gida, ya yi maka aiki, kuma mai aiki yana da haƙƙi. In an shirya wasa a gidan matasa, a biya kuɗin ƙofa. In yaro ya nuna baiwar, a dafa masa, a kuma nuna masa iyaka.

Ga ƴan uwa na nesa da na kusa da suka taɓa dariya saboda wannan bawan Allah, abin da ya rage tsakaninmu da shi addu'a ce. Allah ya jiƙan Rabilu Musa Ɗanlasan, ya yafe masa kurakuransa, ya sa dariyar da ya ba bayin Allah ta zama sanadin rahama gare shi. Allah ya jiƙan iyayenmu da duk musulmin da suka riga mu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.